Askin Manaja

Yayana mai aski ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, da benci, da ƙaramin madubi mai mariƙi. A wannan shagon ya yi ta tsayuwa yana biya mini kuɗin makaranta har na gama jami'a, shi ya sa yake kirana Mai Digiri, musamman in na kasa tayar da janareto. Ban samu aiki ba tukuna, a gidansa nake zaune.

Ba shi da yawan magana, amma hannunsa yana da tsarin da ba ya saɓawa. Zai ɗaura wa mutum ƙyalle, ya yi aski, ya kaɗe wuya da buroshi, ya ɗaga ƙaramin madubin ya ce, "Ya yi?" Masu zama a benci suna tsokanarsa wai ko tunkiya ya aske sai ya nemi ra'ayinta.

'Yarsa ɗaya ce, shekararta biyar. Manaja muke kiranta, domin tun da bakinta ya buɗe take hawa kujerar shago tana ce wa manya, "Kai, bi layi!" Bara ta fara zazzaɓin da ba ya sauka, ga tabo baƙi-baƙi a ƙafafunta ba tare da ta faɗi ba. Bayan yawon asibitoci, likita ya ce kansar jini ce.

Gida ya canja. Baƙi a ƙofa suke tsayawa, wanda ya yi tari sai ya sa takunkumi. Yaya in ya dawo, a banɗaki yake tuɓe kayan shago ya yi wanka kafin ya leƙa ta. Ban da alluran asibiti, akwai ƙwayoyin da take sha a gida, masu ɗaci, kuma likita ya ja kunne kada a tsallake. Ba ta karɓarsu a hannun kowa sai nasa. Anti, matar Yaya, ta gwada lallashi, ni na gwada wasa, duk a banza.

Maganin ya kumbura mata fuska, girarta ta zube, gashinta yana bin mataji. Mu uku muka yi shawara muka sauke madubin ɗaki, muka tura shi bayan sif. In ta tambaya me ya sa ake kallonta a asibiti, sai mu ce, "Kina nan yadda kike, Manaja."

Sauran gashin ya riƙa shiga mata ido da baki. Nas ta ce a aske, amma ban da reza, don ɗan yanka kaɗan jininta ba ya tsayawa da wuri. Yaya ya ce ba wanda zai taɓa kan 'yarsa sai shi. Ya kawo jakar aikinsa gida, ya yi ta goge bakin injin aski da sifirit kamar zai shiga tiyata. Ya ɗora ta a kujera a falo, ya ɗaura mata ƙyalle.

"Ranki ya daɗe, wane iri za a yi?"

"Na 'yan ƙwallo."

"Kin fa tsallake layi."

"Shagona ne."

Muka yi dariya, har Anti, wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ya yi askin a hankali, yana riƙe numfashi in ya zo bayan kunne. Ya kaɗe mata wuya. Ina kallo hannunsa ya shiga jaka, kuma na san abin da zai fito da shi, amma ban hana shi ba. Ya ɗaga madubin a gabanta ya ce, "Ya yi?"

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne har yau yake hana ni sukuni. Ta daɗe tana kallo. Ta danna kumatunta da yatsa, ta shafa inda gira take a da. Sannan ta dubi uwarta, ta dube ni.

"Umma, kin ce ina nan yadda nake. Baffa, kai ma ka ce."

Ta zame daga kujera da ƙyallen a wuyanta, ta shiga ɗaki ta kwanta tana fuskantar bango. Anti ta ce, "Baban Manaja, me ka yi haka?" Madubin yana nan a hannunsa a ɗage.

Da yamma ya kai mata magani, ta datse baki. Ya ajiye kofin ruwan ya fita, ya kwana a shago. Washegari ma bai dawo ba. Anti ta niƙa ƙwayoyin a cokali, yarinyar ta tofar. Nas ta ce a waya in aka sake tsallakewa, sai dai a kawo ta a kwantar. Anti ta ce mini, "Je ka taho da yayanka. Ni in na je, abin da zan faɗa ba zai yi daɗi ba."

Na same shi da rana yana yi wa wani direba aski. Da ya gama ya kaɗe wuya, sai kawai ya kwance ƙyalle. Direban ya ce, "A'a, maigida, yau ba za a tambaye ni ba? To bai yi ba!" Yaya ya yi yaƙe. Da mutumin ya fita, ya ɗauki tsintsiya yana share inda ya riga ya share.

"Yaya, ta ƙi sha. Za su kwantar da ita."

"Da wane ido zan kalle ta, Mai Digiri?"

"Ai duka muka yi mata ƙaryar."

"Ku a baki kuka yi. Ni hannuna ne ya tona, kuma har da tambayarta ko ya yi."

Na tsaya ina murza ɗan makullin gida har ya jingine tsintsiyar ya ja ƙofar shago.

A gida ya yi wanka, ya sa ƙwayoyin a faranti, ya zauna a ƙasa kusa da gadonta. Ni da Anti muna bakin ƙofa.

"Manaja, mun yi miki ƙarya. Fuskarki ta kumbura, gashinki ya zube. Maganin nan da nake ba ki, shi ya yi."

Anti ta damƙe hannuna. Ni ma na ɗauka shi ke nan, ba za ta ƙara sha ba.

Tana fuskantar bango muka ji ta ce, "To me ya sa kake ba ni?"

"Don ya kori ciwon da ke cikin jininki."

"Gashin zai dawo?"

"Likita ya ce zai dawo. Ni ban taɓa gani ba, sai dai mu gani tare."

"Yara za su yi mini dariya?"

Ya ce, "Wasu za su yi."

Ta juyo. Ya miƙa hannu zai sa mata a baki yadda ya saba, ta kauce. Ta ɗauki ƙwayoyin daga farantin da kanta, ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta miƙa masa kofi.

"Fita, Abba. Ina fushi."

Ya fito ya wuce mu, ya zauna a kan bokitin da aka kife a waje.

Tana shan maganinta yanzu, daga faranti, shi kuma yana zaune a ƙasa har ta gama. Jiya da za mu tafi asibiti na ce mata allurar yau ba za ta yi zafi sosai ba. Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ta ce, "Baffa, da gaske?" Na sunkuya ina ɗaure mata ɗayan, na ce, "A'a. Za ta yi."