Nassirou Mai Taksi Ya Daina Kiran Rediyo

Nassirou ɗan Maraɗi ne, amma a Yamai ya yi furfura, yana jan taksi tsakanin unguwannin Wadata da Lamordé. Tun yana saurayi bai taɓa fashin zaɓe ba. Kowace safiya yakan kira wani gidan rediyo mai zaman kansa, a shirin da ake bai wa masu saurare dama, ya caccaki gwamnati kan tsadar shinkafa da ramukan hanya. Har fasinjoji sukan gane muryarsa.

Ranar da sojoji suka karɓi mulki, ya shiga cikin masu murna, yana ta danna odar taksinsa har hannunsa ya gaji.

Bayan wasu watanni ya kira kamar kullum. Yana fara maganar farashin abinci, mai gabatar da shirin ya ce, "Malam Nassirou, mu bar wannan," sai layin ya katse. Ba a yi sati biyu ba aka maye gurbin shirin da waƙoƙi.

Wata rana ya ɗauko ƴarsa Hadiyya daga jami'a. Suna kan gada ta tambaye shi, "Baba, ka yi nadamar murnar da ka yi?"

Suka sauka daga gadar.

"Waɗanda aka tumɓuke sun cancanci duk abin da na faɗa a kansu," in ji shi. "Amma dai sun bar ni na faɗa."

Har yanzu yana jan taksinsa. Idan fasinja ya taɓo siyasa, sai ya dube shi ta madubi, ya tambaye shi inda zai sauka.