Kaɗanyar da Kakata Ta Rungume

Jiya a kasuwar Gwagwalada na ji ƙarar injin yankan katako, sai na ajiye doyar da nake tayawa. Kakata ce ta faɗo mini a rai.

Bagwariya ce, a kafaɗa take ɗaukar kaya, kuma duk bishiyar da ke kurmin bayan Paikon Kore ta san wanda aka binne kusa da ita. Shekarar da na je gida goyon fari, muka shiga kurmin tsintar kaɗe da hantsi. Muka tarar da masu gawayi su huɗu, ɗaya riƙe da injin yankan katako, sun kewaye tsohuwar kaɗanyar da mahaifinta ke kwance a ƙarƙashinta.

"Mama, matsa gefe, oga ya saya," in ji mai injin.

"A wurin wa? Babana bai sayar ba," ta ce, ta rungume bishiyar.

Ɗayansu ya fara dukanta da gefen adda. Da ta ƙi saki, ya juya kaifin. Na ji karayar ƙashin hannunta, jini ya fantsama har kan zanena. Ihuna ya jawo manoma, mutanen suka tsere.

Da ta farfaɗo a asibiti ta tambaye ni, "Sun sare ta?" Na ce a'a, kuma a ranar gaskiya na faɗa. Kwananta tara ta rasu, ba ta ga kututturen ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, ya ba ki inuwar da babu mai sarewa.