Hannun da Ya Sa wa Kawu a Littafin Zuwa Aiki

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara ashirin da ɗaya ya yi yana guga a ɗakin wanki na wani otal. Mutum ne mai taurin kai da tsantseni, irin wanda idan mai shago ya yi masa rarar canji zai koma da ƙafa ya mayar, ya haɗa masa da faɗa. Gwiwa ce ta fitar da shi daga aikin. Ya rubuta takardar ajiye aiki ya ba shugaban sashensu, ya kama ɗan shago a bakin layinmu, ya sa teburi da kujerar da zai riƙa hutawa.

Wata biyar kuɗi na shigo masa daidai albashinsa. Ya ɗauka kuɗin sallama ne ake ba shi kaɗan-kaɗan, don haka ya biya hayar shago ta shekara, ya sayi dutsen guga biyu masu tururi. Sai ga takarda daga otal: ya zo ofishin akanta ranar Litinin, an biya shi abin da ba nasa ba. Ni na karanta masa, ni kuma na raka shi.

Akantar ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata ni. Ta ce shugaban sashen an canja masa wuri, takardar Kawu a aljihun teburinsa aka tsince ta. Wannan laifinsu ne, za a iya cire kuɗin daga sallamarsa a wuce wurin. Sannan ta jawo littafin zuwa aiki, ta buɗe, ta juyo mana shi. Sunan Kawu na nan kowace safiya, da sa hannu a gabansa, har ranar Juma'ar da ta wuce.

Ina kallon rubutun na gane mai shi, Kawu ma ya gane. Kurma ne, abokin aikinsa mai kula da injinan wanki, wanda ƙararsu ta cinye masa kunne har sunan ya bi shi. Tun suna samari al'adarsu ce, duk wanda ya riga isowa ya sa wa ɗan'uwansa hannu. Kawu ya tafi, hannun Kurma bai daina ba. Wata takwas suka rage wa Kurma ya yi ritaya, ga 'ya'ya mata uku a makaranta.

Akantar ta ce duk ma'aikacin da ya yi wannan korarsa za a yi, ba sisin sallama. Ta ajiye biro a kan littafin.

"Baba, wa yake sa maka hannu?"

Fankar ofishin na juyawa, amma rigar Kawu ta jiƙe a baya. Na taka masa ƙafa a hankali, ni kaina ban san me nake nufi ba. Raina ya ɓaci da Kurma ƙwarai, a zuciyata ina cewa Kawu ya faɗa kawai, wautar wani ba za ta cinye mana shekara ashirin da ɗaya ba.

"Ni ne," in ji Kawu. "Nakan biyo da safe in sa, in wuce."

Ta dube shi, ta dubi sandar da yake dogarawa. Ta tuna masa cewa littafin a hawa na biyu yake. Ya ce yana hawa. Ta ce idan ya tsaya a kan maganar nan, ya zama ha'inci: sallamarsa ta tafi, kuɗin wata biyar kuma zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba sai kotu. Ta ba shi dama har sau biyu ya sake tunani. Na tabbata ba ta yarda da shi ba, amma ta buga takardar, shi kuma ya sa hannu a ƙarƙashin kalmar da ya fi tsana a duniya.

A hanya na fashe da faɗa. Na ce ya zubar da mutuncinsa saboda mutumin da ko tambayarsa bai yi ba. Ya ce in rufe masa baki, kuma idan maganar ta kai kunnen matarsa ko ta mahaifiyata, ni da shi ne. Ya sayar da dutsen guga ɗaya, ya daina zama a kujera, yana karɓar kaya har na ranar hutu. Wata goma sha huɗu yana kai musu kuɗi, gwiwar ta kumbura kamar ƙullin fulawa.

Kurma ya yi ritaya lafiya, ya karɓi kuɗinsa cif. Ina shagon ranar da ya zo da sabuwar riga, yana magana da ƙarfi yadda ya saba. Ya ce shi fa ya daɗe yana sa wa Kawu hannu, don ya kasa ganin layin sunansa babu komai, sai da aka sauya littafi ya bari. Yana faɗa yana dariya. Sannan ya tambaya ko an ba Kawu tasa sallamar, don ta shekara ashirin da ɗaya ai ba ƙarama ba ce.

Kawu ya jingina dutsen guga, ya matso kusa da kunnensa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Sun ba ni. Duka suka ba ni."