Ranar Da Na Ƙi Zuwa Wajen Dodo

"Ba ka isa ba, ni ke jan labarin!" Haka na ji jikata ta daka wa ƙaninta tsawa ɗazu, suna wani wasa a kan tebur wanda kowa ke zama wani mutum a cikin labari. Sai Yaya Hadiza ta faɗo mini a rai.

Muna yara a Wudil, lokacin da kuɗin fetur ya kwashi maza zuwa Ikko, wato Legas, har da Babanmu, ita ce take ja mana irin wannan wasa. Bayan la'asar sai ta zana kogi da daji a ƙasa, ta ba kowa tsakuwarsa, ta ce, "Ga ka nan, me za ka yi?"

Ran nan ta tanadar mana Dodo a tsallaken kogi. Da aka zo kaina na ce, "Ni ba ruwana da Dodo. Mota zan hau, in je Ikko in ga Baba."

Yara suka ce ai babu Ikko a wasan. Sai Yaya ta ja sabuwar hanya da yatsa har bakin zaure.

"To, ka iso. Ga shi can yana sauke siminti. Me za ka ce masa?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Sai ta kwaikwayi muryarsa: "Auta, kai ne ka yi tsawo haka?"

Baba ya dawo daga baya. Yaya ce ta tafi inda ba a dawowa, Allah ya jiƙanta. Har gobe ina kewarta.

Ku fa, wa ya taɓa ajiye labarinsa don ya saurari naku?