Tumatirin da Ya Cika Hular Taubashina

Daga Tawa har Affala, ba a taɓa noma tumatir irin nawa ba. Wannan ba cika baki ba ne, akwai shaidu, kuma yawancinsu suna da rai. Ranar da na cire shi, sai da iccen ya miƙe ya yi ajiyar zuciya.

Ni tela ne, shagona na bakin kasuwa, kuma kafin shekarar nan ko albasa ban taɓa dasawa ba. Abin ya samo asali ne daga wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da nake yi wa ɗinki. Ya dawo daga arewa ya kawo mini tsarabar tumatir guda, ƙato, mai tsaga-tsaga kamar kabewa. Na ci, na matse ƴaƴan a kan ƙyalle na shanya. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, na ɗauki labarin cewa zan noma irinsa na kai fadarmu, inda muke shan shayi a gindin iccen bedi kusa da shago.

A ranar taubashina yana nan, ɗan kawuna da ke Bambeye. Yana da garka a bakin fadama, duk Lahadi yakan kawo kaya kasuwa, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Bawana, mi ya haɗa allura da kwashen noma? Ƙasar gidanka hwa dutse ce. Ko ƙadangare sai ya yi guzuri kahin shi ratsa ta."

Na ce ya jira ya gani.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "In ka noma tumatirin da ya cika wagga, ni zan durƙusa nan gaban fada in ce maka ranka shi daɗe. In ka kasa, kai ka durƙusa."

Ya kamata mai karatu ya san cewa kan taubashina ba kai ba ne, rumbu ne. Ni na san awonsa, don in zan yi masa riga sai na ƙara wuya ya kai na mutum biyu. Amma mutane sun riga sun ji, sun yi shewa. Na amsa.

Gaskiyarsa ce game da ƙasar. Na haƙa tsakar gida, digar ta yi tsalle ta dawo mini. Sai na samo tsohon tano, wato gangar ƙarfe, na sa aka raba shi biyu, na ƙara da tayoyin mota, na cika su da ƙasar fadama da takin awaki. Da ɗari ya shigo na dasa. Na kewaye su da tsohon gidan sauro saboda kaji, na kafa musu sanduna, na ɗaure rassan da ragowar atamfar mutane. Duk unguwar babu tumatirin da ya kai nawa ado.

Suka yi fure, suka zuba ƴaƴa gwanin sha'awa. Sai direban nan ya gaya mini cewa a can inda ya gani, in ana son tumatir ya yi girma, rage masa ƴan'uwa ake yi. Shi ragewa ya ce. Ni kuwa mutum ne mai almakashi a hannu. Kowace safiya kafin in tafi shago sai na bi na datse ƙananan tun suna kore, in bar ɗaya a kowane icce. Matata tana tsaye da tsintsiya tana kallon miyarta na zuba ƙasa.

"Maigida, waɗanga mi suka yi maka?"

Na ce mata sarki ba ya zama da cunkoso.

Daga cikin waɗanda na bari, ɗaya tsutsa ta shige shi, ɗaya akuyar maƙwabta ta yi masa gaisuwa ta ramin gidan sauro, sauran suka tsaya a girman ƙwan zabuwa, na ji haushi na datse su su ma. Saura guda, na cikin rabin tano. Shi kam ya ji magana. Ya yi ta kumbura har sai da na ɗinka masa ƴar jaka na rataya a sanda don kada reshen ya karye. A fada kuwa ya fi haka saurin girma. Ran Litinin in ce ya kai kan jariri, kafin Alhamis ya kai tulu. Wani dattijo ya tambaye ni ko za a buƙaci mahauci.

Ya nuna ran Laraba, jajir. Taubashina ba zai zo ba sai Lahadi. Don in ƙara masa ko da ɗan yatsa ne, na yi masa ambaliyar ruwa, washegari na tarar ya tsage a gefe, kiyashi sun fara layi. Matata ta ce a yanka shi a huta. Na ce ko kusa. Na cire shi, na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, na ɗora a kan murfin randa inda ke da sanyi. Kwanakin nan duk mai son shan ruwa a gidanmu sai ya nemi izinina.

Ran Lahadi na gayyato fada gida bayan azahar. Taubashina ya iso da amalanken jaki, da igiya, da gatari a kafaɗa. Ya ce labarin da ya iske su a Bambeye ya sa ya zo da shiri, ko za a ba shi cinya ɗaya.

Na kawo tumatirin a faranti. Taubashina ya cire hula, ya buɗe bakinta, na saka a hankali, gefen tsagar yana ƙasa. Ya shiga daram, har kafaɗunsa suka leƙo waje. Mai hula ya jujjuya, ya girgiza, babu wurin da ko ƙwayar gero za ta shiga.

Mutumin nan bai yi gardama ba. Ya tattare riga, ya durƙusa a kan tsakuwar gidana, ya dunƙule hannu ya ce, "Ranka shi daɗe, sarkin noma." Na sa ya maimaita, na ce kunnena na hagu bai ji ba.

Matata ta karɓi tumatirin ta shiga da shi. Can sai ga babban tire: tumatir yanka-yanka, albasa, garin ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, gishiri da ɗan yaji, ga burodi a gefe. Muka sa hannu. Nawa na gane shi, yankansa faffaɗa ne kamar tafin hannu, tsoka zalla, ga zaƙi ga ɗan tsami, ruwan na bin gwiwar hannu. Amma na lura tiren ya fi ƙarfin tumatir ɗaya, ko da nawa ne. A ƙarƙashi akwai ƙananan yanka masu yawa. Na ci gaba da ci.

Da aka wanke hannu, taubashina ya ɗauko buhu daga amalanke ya miƙo mini.

"Ranka shi daɗe, a zuba mini kaɗan in kai ma iyali, su ma su shaida."

Na fara bayani a kan tsutsa da akuya. Ban kai ƙarshe ba matata ta ɗaga murya daga bakin madafa:

"Wane kaɗan? Shi ke nan guda, kun cinye. Na ƙasan tiren ma na garkarka ne, cikin wanda kake aiko mini duk Lahadi tun farkon ɗari."

Fada ta kwashe da dariya, har dattijon nan ya ƙware da shayi. Ni ban taɓa tambayar inda jan miyar gidana yake fitowa ba.

Taubashina ya naɗe buhunsa, ya kakkaɓe hular ya mayar a kan rumbun nan nasa, ya kama igiyar jaki. A bakin ƙofa ya juyo ya ce:

"Ba komi, sarkin noma. Kai ka ci gaba da cika hula, mu talakawa mu ci gaba da cika maka tukunya."