Hanjin bindigar Datti

Shekara goma sha ɗaya muka yi ni da Datti a rumfa ɗaya a Unguwar Shanu, ni ina gyaran Besfa, shi yana walda. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, don haka ko gaisuwarmu ta safe sai da tsiya a cikinta. Ya ba ni shekara goma sha biyar. Yana saurayi ya sauka Kaduna a bayan motar gyaɗa, ya koyi walda a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, duk albarkacin wannan hannu nasa na dama. In ya ja layi a jikin ƙarfe sai ka rantse ɗinkin keke ne. Daga Kawo har Katabu, duk direban da bodin motarsa ya tsage wurinsa yake nufa.

Da wani kamfani ya rufe aka yi gwanjon kayansa, Datti ya sayo injin walda irin wanda ba a sa wa sandar walda. Waya ce siririya a naɗe a cikinsa, inji ya turo ta ta cikin dogon tiyo, ta fito ta bakin abin da ake riƙewa, wanda suke kira bindiga. Ba wanda ke da irinsa a unguwar. Ya fi kula da shi a kan kansa, wallahi.

A daminar 1994 abu ya lalace. In ya danna kunamar bindigar sai waya ta fito, ta tsaya, ta sake fizgowa, tartsatsi ko'ina. Layin da ke fita sumul ya koma kamar kashin awaki. Ya canza bakin bindiga, ya ɗaure tayoyin da ke tura wayar, ya sake tukunyar gas, duk a banza.

Ana cikin haka Alhaji Sanda, mai bas ɗin da ke jigilar Zariya, ya zo ganin aikin da Datti ke yi wa motarsa. Ya shafa layin da yatsa, sannan a gaban mutane ya ce, "Malam Datti, girma ne ya zo. In hannu ya fara rawa ba abin kunya ba ne. Juma'a zan dawo, in haka na tarar sai in kai wa yara."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da wurina ya faɗi haka da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Datti kuwa ya sunkuya kan aikinsa. Ya san Alhaji Sanda ba motarsa kaɗai zai ɗauka ba, maganar zai kai tashar Kawo, kuma in direbobi suka ce hannun mai walda ya mutu, to ya mutu.

Daga ranar bawan Allah ya daina cin abincin kirki. Sai in ɗago daga ƙarƙashin Besfa in gan shi ya miƙe hannu yana kallonsa.

"Inuwa, tsakaninka da Allah, yana rawa?"

"Hannun Bakano in ba kuɗi ya gani ba ai ba ya rawa," na ce.

Bai yi dariya ba. Ko matarsa Ladidi sai da ta tsayar da ni a ƙofar gida ta tambaye ni ko wani abu ya same shi a wurin aiki. Na ce babu komai, na wuce ina jin kunyar ƙaryata.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune ina kallonsa sai na lura da wani abu. In tiyon ya miƙe, waya tana tafiya da dama-dama. In ya lanƙwasa sai ta cije. Ni da na tsufa a kan kebur ɗin kulochi na san wannan ciwon: ba wayar ba ce, gidan da take bi ne ya toshe.

"Malam, me ke cikin tiyon nan?"

"Hanjinsa," ya ce. Haka yake kiransa, amma tun da ya sayi injin bai taɓa zaro shi ba.

Muka kwance, muka zaro wani dogon bututun ƙarfe siriri, a murɗe kamar sifirin. Ya ɗaga shi sama zai leƙa, sai ya miƙo mini. "Duba kai, rana ta kashe mini ido." Na hura, iska ba ta wuce ba. Na buga shi a kan benci, wani baƙin dagwalo ya faɗo. Na shinshina, baƙin mai ne.

Sai a nan ya faɗi gaskiya. Da ruwa ya sauka ya ji tsoron tsatsa, ya tsoma tsumma a baƙin mai ya ɗaura a kan wayar, tana wucewa tana shafa. Haka maigidansa ya koya masa a Panteka, wai ƙarfe ba ya ƙin mai. Man nan ya yi ta kwasar garin ƙarfe yana tarawa a hanjin har ya cushe.

"Wato kai ka ɗura masa abin da ya hana shi kashi," na ce. Ranar ce ya fara murmushi.

Muka zaga Panteka neman sabon hanji har la'asar, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Wani ya ce sai dai Legas. Muka dawo jiki a sanyaye, ga Juma'a gobe. Ina zama idona ya faɗa kan naɗin gidan kebur da nake yankawa in sa wa Besfa. Na gwada wayarsa a ciki, ta shige kamar don ita aka yi shi. Muka auna da tsohon, na yanke, na goge bakin da magagari don kada ya kankare waya, muka zura shi cikin tiyon. Da aka zo zura ta a ƙaramin ramin bakin bindiga ya yi ta lalube, sannan ya ce in sa, wai hannuna ya fi tsabta. Hannun bakanike fa.

Washegari bayan an sauko daga masallaci Alhaji Sanda ya iso. Datti ya rufe fuska da gilashi, ya yi bisimilla, ya danna. Ƙarar ta fito ɗaya ba yankewa, kamar an saka ƙosai a mai mai zafi. Haka ya ja har ya kai ƙarshe. Layi ya fita sumul. Alhaji ya shafa, ya ce ashe inji ne, ya nemi afuwa sama-sama ya tafi.

Na juyo zan fara yi wa Bakano tsiya, sai na tarar ya zauna a kan taya, gilashin a cinyarsa.

"Ya miƙe?" ya tambaye ni.

"Ga shi a gabanka, Malam."

"Ban gan shi ba, Inuwa. Tun bara nake ganin hazo. Da kunne nake yi, shi ya sa da ƙarar ta rikice na rasa hanya." Sannan ya ce, "Kada ka gaya wa Ladidi tukuna."

Ban gaya mata ba. Washegari da sassafe na ja bencina na kai shi kusa da nasa don in riƙa duba masa layi, na ce wa mutane rufin gefena ne ke yoyo.