Ranar da Yaya ya ba ni hanya a filin Kurfi

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da yayana. Tsiranmu ba yawa, har baƙi kan ɗauka tagwaye ne mu, amma a filin ƙwallo ba mai haɗa mu. Shi ɗan tsakiya ne. Ba ya yawan gudu, ba ya ihu, sai dai ya ɗaga kai ya aika ƙwallo inda ba wanda ya yi zato. Ni kuwa gudu ne nawa. A ƙungiyar unguwarmu a Dutsin-Ma ni ake kira mai ci, kuma na yarda da hakan har cikin raina. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ƙafar wa ƙwallayen suke zuwa ba.

Baba yana da gona a gefen madatsar ruwa ta Zobe, inda muke noman rani: tumatir da tattasai, wata shekarar har da albasa. A lokacin da nake ba da labari ciwon baya ya fara cin ƙarfinsa. Ba ya iya ɗaga injin ban ruwa, ba ya iya daɗewa a sunkuye. In mun taso makaranta sai Yaya ya goya ni a babur mu tafi gona, mu ja mesa, mu buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan, sannan mu dawo a guje don mu samu ƙwallon yamma.

Sai labari ya zo cewa wani babban kulob mai buga gasar ƙasa zai turo mutanensa su zaɓi yara don akadaminsa, wato makarantar da yake rainon ƙananan 'yan wasa. A Kurfi za a yi zaɓen. Muka cika bayan wata a-kori-kura muka tafi. Filin ya cika da yara, daga Shema, daga Dabawa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, wasu ba su da ko takalmi. Mai zaɓen wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, kowa Koci yake ce masa. Bai yi wa kowa tsawa ba, tsayawa kawai ya yi da hannuwa a baya yana kallo.

Ranar na ci ƙwallaye, na yi ta murna ina dukan ƙirji. Da aka tashi, Koci ya nuna ni, ya nuna Yaya, ya ce mu je mu shaida wa iyayenmu.

Bayan magariba muka samu Baba a zaure, ya jingina da bango, an sa masa matashi a baya. Ya saurare mu har muka gama.

"Ban hana ku ba," ya ce. "Amma ku dube ni. Gonar nan da ita muke ci. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna. Ku kuka san wanda zai tafi."

Ina kallon tabarma. Kafin in gama haɗa magana a raina, na ji muryar Yaya.

"Baba, shi ya tafi. Shi ne mai ci. Ni ai ba wa mutane kawai nake yi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Baba ya juyo gare ni. Na ce, "To." Iyakar abin da na ce ke nan. Farin ciki ya riga ya cika mini ciki, bai bar wa komai wuri ba.

Akadamin yana wani birni mai nisa da mu. Can na fara kwana a gado mai hawa biyu, na fara sa takalmin ƙwallo sabo fil wanda ba wanda ya taɓa sa shi kafin ni. Atisaye da safe, aji da rana, atisaye da yamma. Filin ciyawa ne, in ka faɗi ba ka ƙujewa. A makon farko Koci ya tsayar da ni a bakin fili.

"Ina yayanka?"

Na yi masa bayanin Baba da gona. Ya murza usur a hannu.

"Allah Ya ba mahaifinku lafiya," ya ce. "Amma ba zan ɓoye maka ba, shi na fi so. Masu gudu irinka ina da su da yawa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma ba a jima ba na gane gaskiyarsa. Zan ruga kamar yadda na saba, in juyo, ba ƙwallo. Ko ta zo a bayana, ko ta zo na riga na yi satar gida. Yaran tsakiyarmu ba su da laifi, suna ba da ita yadda aka koya musu. Ni ne ban san yadda ake neman ƙwallo ba, don duk rayuwata ita take nemo ni. A hankali na koma benci, na zama mai ɗaukar ragar ƙwallaye in an tashi.

In na kira gida a wayar Inna, bayan gaisuwa sai Yaya ya karɓa.

"Ɗan wasa! Nawa ka ci wannan makon?"

"Ana dai ƙoƙari, Yaya."

"Ka dage. Duk majalisarmu maganarka ake yi."

Inna ce ta gaya mini ya daina zuwa makaranta sosai, don tumatir ba ya jiran a taso daga aji. Da na zo hutu na gan shi ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya tsattsage. Ni kuwa na yi ɓul-ɓul cikin rigar kulob mai sheƙi. Muna cin tuwo a kwano ɗaya na gaya masa abin da Koci ya ce, kalma da kalma, don na kasa riƙe shi. Ya tsaya da loma a hannu, na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya yi dariya.

"To Kocin zai zo ya ba tumatir ruwa? Ci abinci, kai dai."

Kusan ƙarshen kakar wasa kowa a akadami ya san za a rage yara, kuma na san sunana yana bakin ƙofa. A daidai lokacin aka shirya mana wasannin sada zumunci a garuruwa, ɗaya daga ciki a Kurfi, da zaɓaɓɓun samarin Kurfi da Dutsin-Ma. Da motarmu ta tsaya a bakin filin, mutum na farko da na hango cikin abokan karawarmu Yaya ne, da tsohuwar jesi wadda ta yi masa yawa. Ya daɗe bai taɓa ƙwallo ba, amma sun je har gona sun roƙe shi. Can ƙarƙashin wata bishiyar maina kuma ga Baba a kujerar roba. Maƙwabcinmu ne ya lallaɓo da shi a mota, don ya ga ɗansa.

Daga benci na kalli rabin farko. Yaranmu, masu cin abinci a kan ƙa'ida da atisaye safe da yamma, sun kasa karɓe ƙwallo a ƙafar Yaya. Ba ya ko sauri. Sai ya juya, ya bar mutum biyu suna karo da juna, ya aika ta. Daga ƙafarsa aka ci mu. Na saci kallon Koci, na ga yana girgiza kai a hankali, kamar mai kallon abin da ya faɗa rijiya.

'Yan unguwarmu kuwa sun taru bayan bencinmu suna ta ihu. "Koci, a sa mana ɗanmu! Mun zo ganin ɗanmu!"

Bayan hutun rabin lokaci ya sa ni. Na yi ta gudu ba tare da na taɓa ƙwallo ba. Yaya ya fara gajiya, ƙafarsa ta saba da laka ba da fili ba, sai suka mayar da shi baya ya tsare musu gida. Ana dab da tashi wani ɗan bayanmu ya doka ta sama ba da niyyar kowa ba, ta faɗo gabana. Na ɗaga kai. Tsakanina da gola saura mutum ɗaya, Yaya.

Tun muna yara ban taɓa wuce shi ba. Ya san in na zo yanka mutum, dama nake bi, kullum dama, ya sha yi mini faɗa a kan haka. Na nufo shi, muka haɗa ido. Sai na ga ya karkata jikinsa wajen haguna, tun kafin in yi wani motsi, ya sa gwiwa a ƙasa kamar santsi ya ɗebe shi. Filin a bushe yake ƙayau. Na bi ta dama na wuce, na buga, ta shiga raga.

Mutane suka ɓarke cikin fili. Aka ɗaga ni sama. Daga can saman na ji wani ya ƙwala ihu, "An yanka manomi!" aka fashe da dariya. Na ga 'yan ƙungiyarsu sun zagaye Yaya suna yi masa masifa, shi kuma yana kaɗe ƙasa daga gwiwarsa yana ba su haƙuri. Na ga Baba ya miƙe tsaye dafe da kujera, abin da ya daɗe bai yi ba sai an kama shi, yana ɗaga mini hannu.

A mota, kan hanyar komawa, Koci ya zo ya zauna kusa da ni. 

"Ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Koci."

"Zan ƙara maka shekara. Ba don ƙwallon da ka ci ba. Ba na son abin da yaron nan ya yi ya tashi a banza. Saura kai."

Na yi iya ƙoƙarina a wannan shekarar, Allah Ya sani. Ina riga kowa fita fili, ina zama bayan an tashi ina koyon bugu da hagu. Na ɗan gyaru, har aka fara wasu wasannin da ni. Amma duk ranar da na yi wasa mai kyau sai in ce a raina da shi ne da ya fi haka, duk ranar da na yi marar kyau kuma sai in kasa cin abinci, ina tuna wanda yake tsaye cikin ruwa a Zobe don in sa wannan takalmin. Da lokacin ɗaukar yara zuwa babbar ƙungiya ya zo, ba a ɗauke ni ba. Koci ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce in gaishe da mutanen gida.

Yaya ne ya tarye ni a tasha. Ya karɓi jakata ya ɗora a kan tankin babur.

"Sannu da zuwa, ɗan wasa. Ka zo a daidai, gobe muna tsinkar tattasai."

Bai tambaye ni komai ba, ba a ranar ba, ba bayanta ba.

Baba ya rayu wasu shekaru bayan haka, kuma har ya koma ga Allah ba baƙon da zai zauna a zaurenmu bai ji labarin ƙwallon Kurfi ba. Yana ba da shi da hannu da ƙafa, yadda ƙaramin ya yanka babban har ya durƙusa. In Yaya yana wurin sai ya taya shi.

"Wallahi Baba, ban ga ta inda ya bi ba."

Baba ya yi ta dariya har da tari. Ni kuma in tashi in ce zan duba wani abu a cikin gida. Na sha niyyar gaya masa gaskiya, amma wannan labarin yana cikin 'yan abubuwan da suka rage masu sa shi dariya, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai da zan fasa shi.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare, da yamma ina horar da yaran unguwa. Yaya yana gonarsa, da matarsa da 'ya'yansa, bai ƙarasa sakandare ba. Sau ɗaya na gwada yi masa maganar. Muna dawowa daga Zobe ne da yamma, yana tuƙi, ina bayansa rungume da kwandon tumatir. Ganin ba ya kallon fuskata ya sa na samu ƙarfin hali.

"Yaya, ranar nan a Kurfi. Ba santsi ba ne."

Na ɗauka iska ta ɗauke maganar, sai na ji muryarsa.

"Baba ya ji daɗi ko bai ji ba?"

"Ya ji."

"To."

"Amma kai fa? Kai ya kamata ka tafi tun farko."

Ya rage gudu, ya kauce wa wasu shanu da ke tsallaka hanya.

"Na so in tafi," ya ce. "Sosai ma. Riƙe kwandon nan da kyau, akwai rami a gaba."

Na ƙanƙame kwandon har muka shiga gari.